Gwangwanaye uku na tsohon fim a Sabon Gari: wanne ne mai daraja, kuma yaya ake duba su?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tsofaffin fina-finai na zare, ba na kaset ko faifai ba. Wani mai gwanjon tsofaffin kaya a Sabon Gari yana da gwangwanaye uku na fim. Biyu ƙanana ne, zarensu siriri. Na ukun babba ne, zarensa mai faɗi, murfinsa ya ci tsatsa. Ɗaya daga ƙananan an manna masa takarda an rubuta Ballet mécanique, sauran biyun ko harafi babu a jikinsu. Mai kayan ya ji labarin cewa gajerun fina-finan gwaji na Turai suna tsada a wajen masu tarawa, don haka ya ɗora kuɗinsa kacokan a kan mai rubutun, sauran biyun kuwa ya ce gyara ne.

Me ake gani a irin waɗannan fina-finai har ake tara su, tunda yawancinsu babu labari babu magana? Yaya zan gane ko wannan kwafin na kirki ne kafin in biya? Idan kuma na saya, yaya zan ajiye su da zafin Zariya?

Mai Majigi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ta farkon ce ta fi daɗin amsawa. Waɗanda suka yi waɗannan fina-finai galibinsu masu zane ne da masu ɗaukar hoto, sun ɗauki zaren fim ɗin kansa a matsayin abin da za su yi aiki a kai da hannu. A 1921 Walter Ruttmann ya nuna Opus I a Jamus: babu mutum ko ɗaya a ciki, siffofi ne masu launi suna kumbura suna motsewa suna bin kiɗa. A 1923 Man Ray a Paris ya shimfiɗa ɗanyen fim a ɗaki mai duhu, ya barbaɗa masa gishiri da masoro, ya watsa allurai da ƙananan ƙusoshi, ya kunna fitila na ɗan lokaci kaɗan sannan ya wanke. Abin da ya fito shi ne wani sashe na Le Retour à la raison, fim ɗin da duka-duka kusan minti 3 ne. Len Lye a 1935 ya yi A Colour Box ba tare da kyamara ba, fenti ya riƙa shafawa kai tsaye a jikin zaren. Stan Brakhage a 1963 ya jera fukafukan ƙwarin fitila da ganyaye da ciyayi tsakanin tef biyu masu garai-garai, daga nan aka buga Mothlight.

To ka ga inda sha'awar take. Idan ka ɗaga kwafin fim ɗin Man Ray a gaban taga, za ka ga inuwar allura ta ratsa firam biyu ko uku, wato ƙananan hotunan da ke jere a jikin zaren, ba ruwanta da layin da ya raba su. Wannan ba ya fitowa a bidiyon da ke intanet, don shi bidiyo firam ɗaya bayan ɗaya yake nuna maka. Mai zaren a hannu yana ganin yadda aka yi aikin, mai kallon waya sakamakon kawai yake gani. A wurina wannan ne babban dalilin da ya sa ya cancanci a tara su.

Ƙarancinsu kuma ba abin mamaki ba ne. Yawancinsu da kuɗin aljihu aka yi su, kwafi kaɗan aka buga, a ƙungiyoyin masu son fim da ɗakunan nunin zane ake nuna su, ba su zaga gidajen sinima ba. Rahoton da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace baki ɗaya, alhali waɗannan suna da kamfanoni a bayansu. Ina ga ɗan gajeren fim da babu mai kula da shi sai wanda ya yi shi?

Amma fa kada wannan ya sa ka yi cinikin biri a sama. Ballet mécanique na Fernand Léger da Dudley Murphy a 1924 ya fito, kuma a zare mai faɗin milimita 35 aka ɗauke shi. Siririn zaren da ka gani mai milimita 16 ne, wato kwafi ne da aka rage daga babba daga baya. Tun daga 1935 da gidan adana zane-zanen zamani na New York ya buɗe sashen fim, ake buga irin waɗannan kwafe-kwafe ana ba jami'o'i da ƙungiyoyi haya, wasu 'yan kasuwa kuma suka riƙa kwafa daga kwafi suna sayarwa. Sunan fim ɗin ba shi ne kuɗin ba. Abin da masu tarawa ke tambaya shi ne: hawa nawa ne tsakanin wannan kwafin da nagatif na asali, wato zaren farko da ake buga kwafi daga gare shi? Kowane hawa yana cinye wani abu. Baƙi yana ƙara toshewa, fari yana ƙonewa, tokar da ke tsakani tana ɓacewa, gefen hoto yana yankewa. Ka duba fuskar matar da ke murmushi a cikin fim ɗin da gilashin ƙara girma. Idan kana ganin laushin inuwa a kumatu, kwafin yana kusa da tushe. Idan fuskar ta zama farar faranti da baƙaƙen ramuka biyu, kwafin kwafi ne, darajarsa ta kallo ce kawai.

Akwai kuma wani abu game da wannan fim musamman: ba siga ɗaya gare shi ba. An sake yanka shi fiye da sau ɗaya, sigogin da ke gidajen adana fina-finai sun bambanta a jerin hotuna da tsawo. Don haka ka rubuta jerin abin da ke cikin naka tun daga farko har ƙarshe, har da yawan maimaicin hoton wata mata mai ɗauke da kaya tana hawa matakala. Da wannan jerin ake gane daga wane reshe kwafi ya fito. Takardar da ke jikin gwangwani, hatimin laburare, rubutun da ke kan farin zaren farko, duk kada ka ɓamɓare ko ɗaya. Su ne shaidar inda kayan ya biyo, kuma kwafi mai shaida ya fi marar shaida kuɗi ko da hotonsu ɗaya ne.

Malamar Samaru:

Baba Mai Majigi ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni babban gwangwanin nan mai tsatsa ne ya tsaya mini a rai, don shi maganar lafiya ce kafin maganar kuɗi. Fim mai milimita 35 da aka yi kafin wajajen 1951 kusan duk a kan naitiret yake, wato wata irin roba mai saurin kama wuta. Naitiret idan ya kama wuta yana samar wa kansa iskar da zai ci da ita, ruwa ba ya kashe shi, yashi ba ya kashe shi, hayaƙinsa kuma guba ne. Wanda ya fara ruɓewa an tabbatar yana iya tashi da kansa a zafin digiri 41 idan ya daɗe a rufe. Malam, ka san yadda shago mai rufin kwano yake a watan Afrilu a garin nan. Saboda haka a buɗe shi a waje, a inuwa, nesa da janareta da mai shan taba. Idan murfin ya ƙi, a bi gefensa a hankali da abu na katako ko roba, kada a doke shi da ƙarfe.

A warware kamar mita ɗaya a duba gefen zaren, wajen ramuka. Za a ga an rubuta NITRATE ko SAFETY. A lura da launin rubutun: baƙin rubutu a kan fili mai haske shi ne na zaren da ke hannunka, farin rubutu a kan duhu kuwa ya biyo ne daga nagatif ɗin da aka buga shi. Ana samun zare ɗaya ɗauke da duka biyun, baƙin shi ne abin dogaro. Idan babu rubutu sam, a ɗauke shi a matsayin naitiret. Ruɓewarsa hawa-hawa ce: hoto ya fara dusashewa zaren ya koma ruwan zuma, sai ya fara danƙo, sai ƙuraje su fito da wari mai hawa kai, sai naɗin ya dunƙule ya zama curi ɗaya da kumfa a kansa, a ƙarshe ya koma jan gari. A hawa biyun farko ana iya ceto hoton. Daga dunƙulewa an rasa shi. Tsatsar da ke cikin murfi, ba ta waje ba, sau da yawa iskar da zaren ke fitarwa ce ta haddasa ta. Shawarata a nan ɗaya ce: kada ka kwana da naitiret a gida. A Jos akwai ma'adanar fina-finai ta ƙasa a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, su za a tuntuɓa.

Ƙananan biyun babu wannan fargaba. Tun da Kodak ya fito da milimita 16 a 1923 bai taɓa yin sa a kan naitiret ba, a kan asitet ya fito da shi, robar da ba ta saurin kama wuta, don an yi shi ne saboda gidaje da makarantu. Ciwonsa daban ne. Danshi da zafi suna warware asitet ya riƙa sakin asid mai warin tsami irin na binega, asid ɗin kuma shi ke ƙara hanzarta warwarewar, don haka idan abin ya kai wani matsayi gudu yake yi. Ba ya warkewa, sai dai a rage masa sauri da sanyi. Hanci shi ne gwajin farko, da zarar an ɗaga murfi. Wanda ya fi shi shi ne 'yar takardar gwaji mai suna A-D Strips: a sa ɗaya a cikin gwangwanin a rufe kwana ɗaya. Shuɗiya ce. Idan ta zauna shuɗiya lafiya lau, idan ta koma kore ciwon ya kama, idan ta zama rawaya ya yi nisa. Ma'auninta daga 0 zuwa 3 ne, kuma daga 1.5 ne lalacewar ke fara ciyar da kanta. Idan kuwa warin kafur ka ji ba tsami ba, wannan ba ciwo ba ne, alama ce ta tsohon samfurin asitet na shekarun 1920 zuwa 1940.

Sai motsewa, wadda ita ce ke yanke hukuncin ko za a sa fim a majigi ko a'a. Tazarar rami zuwa rami a sabon kwafin milimita 16 milimita 7.62 ce, wato firam 100 ya kamata su ba ka milimita 762. Ka shimfiɗa zaren a kan tebur mai tsabta, ka ƙirga firam 100, ka auna da rula ta ƙarfe. Idan ya gaza 756, ya motse fiye da kashi 0.8 cikin 100, haƙoran majigi ba za su dace da ramukansa ba, za su yi ta yaga su ɗaya bayan ɗaya. Idan ya kai kashi 2, ko ƙwararru sai sun yi dabara kafin su kwafe shi.

Wajen dubawa, safar hannu ta auduga tana da kyau, sai dai tana kama yagaggen rami ta ƙara yaga shi, don haka a fim mai rauni gara hannu wankakke busasshe, a riƙe ta gefe da gefe kawai. A naɗe shi a hankali daga wannan faifan zuwa wancan, zaren yana wucewa tsakanin yatsu biyu, duk inda aka ji karo a tsaya a duba. Kada a ja bakin zare don a matse naɗi, ƙurar da ke tsakani za ta karce hoton. Kada a sa ruwa. Kada a gyara tsinkewa da salatif na kanti, gam ɗinsa yana narkewa ya bi firam ɗin da ke maƙwabtaka, akwai tef na musamman mai ramuka da aka yi don haka.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri, Baba da Malama. An duba ƙananan biyun. Mai rubutun baƙi da fari ne, ramuka a gefe biyu, an rubuta KODAK SAFETY FILM da baƙi, sai ɗan da'ira da alwatika a gaba. Yana ɗan warin tsami. Firam 100 sun ba da 757. Marar rubutun mai launi ne, gefensa baƙi ƙirin, an rubuta KODACHROME, ba ya wari, kuma akwai ɗori da yawa a jikinsa. Abin da ake gani a firam ɗin farko-farko mahaya dawaki ne da wata ƙofar gari ta ƙasa, can gaba kuma akwai wurin da hotuna biyu suka hau kan juna. Babban ba a taɓa shi ba tukuna.

Mai Majigi:

Madalla. Da'ira da alwatika alamar shekara ce. A wancan zamani Kodak na Amurka yana sa waɗannan alamomi a gefen zare, suna kuma maimaituwa duk shekara 20. Da'ira sannan alwatika na nufin 1923 ko 1943 ko 1963. Ka kula da jerin, don alwatika sannan da'ira wata shekara ce daban, 1926 ko 1946 ko 1966. Ta 1923 ta fita tunda fim ɗin bai fito ba sai 1924, kwafin milimita 16 kuma daga baya aka rage shi. Tsakanin sauran biyun, ka duba kalmar SAFETY da gilashi: a kayan da aka yi daga shekarun 1950 akwai ɗan ɗigo a tsakanin haruffanta da ke nuna masana'anta, bayan S na Rochester ne a Amurka, bayan F na Ingila ne. Idan ɗigon yana nan, 1963 ce, kuma ita na fi zato, don lokacin ne jami'o'i suka fi sayen irin wannan kwafi. Ka tuna alamar shekarar da aka yi ɗanyen zaren take faɗa, bugawar na iya zuwa bayan wata shida ko shekara.

Kwafin 1963 mai warin tsami, mai motsewar da ta kusa iyaka, abin sha'awa ne a riƙe, amma ba dukiya ba ne. Ka taya shi a kan haka.

Wanda aka ce maka gyara ne, shi ne kayan. Kodachrome mai baƙin gefe da ɗori na gaske a kowace yanka, wanda yatsa ke ji, alama ce mai ƙarfi cewa zaren da ya ratsa cikin kyamara ne da kansa. Irin wannan fim ba shi da nagatif, shi ake wankewa ya zama hoton. Da kwafi ne, da hoton ɗorin za ka gani a jikin firam, zaren kuma sumul. Ma'ana mai yiwuwa babu na biyunsa a duniya. Hotuna biyu da suka hau kan juna kuwa sai an mayar da zare baya a cikin kyamara an sake ɗauka a kai, kyamarori irin su Bolex suna ba da damar haka. Ko ganganci ne ko kuskure, sai an ga sauran naɗin.

Injiniyan Kwangila:

Ranka ya daɗe Baba, wannan maganar ta ƙarshe ita ce dalilin da zan roƙi Malam kada ya sa Kodachrome ɗin a majigi ko sau ɗaya. Majigin da ake samu yanzu, Bell & Howell ne ko Eiki ko Elmo, yawancinsu sun shekara arba'in ko fiye. Bel ɗinsu na roba ya narke ko ya saki. Bell & Howell na ƙarshe-ƙarshen da aka ƙera suna da wata giyar roba a ciki da ke tsagewa don tsufa, idan ta tsage tafiyar zare da ƙugiyar da ke jan sa sai su saɓa, fim ne zai biya. Masu zura zare da kansu sun fi kowanne cin fim, don idan suka kama ba daidai ba sai sun tauna kamu guda kafin hannu ya kai makunni. Ƙura ɗaya da ta daskare a ƙofar da zare ke wucewa gaban fitila za ta ja layi tun daga farkon naɗi har ƙarshensa.

Ga wanda zai kunna kwafi mai lafiya, abu uku. Injin da aka yi don Amurka na wutar 110 ne, tamu 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin injin da fitilarsa a haɗe. Ko da ita, wasu injinan suna bin bugun wuta, tasu 60 tamu 50, don haka gudun firam 24 a sakan sai ya koma 20, murya ta yi nauyi. Na biyu, fim mai sauti ramukansa a gefe ɗaya ne, layin sauti ya maye ɗaya gefen. Idan aka sa shi a tsohon majigi marar sauti mai haƙora gefe biyu, zai huda layin sautin gaba ɗaya. Akasin haka babu laifi, mai ramuka biyu yana tafiya a injin sauti, sai dai a kashe lasifika. Na uku, fina-finan shekarun 1920 ba a gudun 24 aka ɗauki yawancinsu ba, ƙasa da haka ne. Naɗi mai ƙafa 400 firam 16,000 ne: minti 11 a gudun 24, kusan minti 15 a gudun 18. A fim ɗin da duk ma'anarsa a bugun motsi take, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Kullum a fara gwada injin da zaren da ba a damu da shi ba, a zagaya shi sau da yawa, a duba ko ya fito da karce.

Maganar ajiya, na san littattafai firiza suke cewa, kuma gaskiya ne sanyi ne maganin. A digiri 21 da danshi kashi 50, sabon asitet yana kai wa shekara 40 kafin tsami ya fara, kowane ƙarin digiri 5 ko 6 kuma yana kusan raba wannan biyu. Amma firizar da wuta ke ɗaukewa ta narke ta sake daskarewa, ni ban yarda da ita ba. Duk narkewa raɓa ce, raɓa kuma ita ke manne zare da zare. Wanda ba shi da sola mai riƙe firiza dare da rana, ya nemi ɗaki mafi sanyi a gidan, na tsakiya wanda rana ba ta dukan bangonsa, mai silin ko rufin soro. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na bulo da kwano nesa ba kusa ba, muddin ba ya yoyo kuma babu gara. A ɗora a kan kanta, kamu biyu daga ƙasa, a kwance ba a tsaye ba.

Malamar Samaru:

Injiniya, na yarda da kai a kan firiza marar tsayayyar wuta, amma kada a rufe ƙofar gaba ɗaya. Idan an yi kunshin daidai, raɓar a bayan leda take tsayawa. A naɗe fim ɗin a lokacin da iska ta bushe, a sa shi a gwangwaninsa, a sa cikin leda mai zif mai kauri a matse iska, a sake sa wannan a leda ta biyu tare da ƙunshin silika mai shan danshi a tsakaninsu. Ranar fitarwa a bar shi a rufe awa 24 ya dawo zafin ɗaki kafin a buɗe. Ga fim ɗin da takardar gwaji ta nuna ya haura 1.5, wannan ya fi barin sa a ɗaki ko da wutar ba ta cika ba.

Shekararmu kashi biyu ce ga fim. Daga Yuni zuwa Satumba danshi ke hawa, kuma da ya wuce kashi 65 zuwa 70 fumfuna take samun wuri, ta ci jelatin ɗin da hoton ke ciki, ta bar zane kamar saiwa wanda ba ya gogewa. A hunturu kuma iska ta bushe ƙwarai, zare ya yi gautsi ya lanƙwashe, ga ƙura. Abin da ake so tsakanin 30 da 50 ne. Ɗan ma'aunin zafi da danshi na batir ba shi da tsada, a ajiye shi kusa da gwangwanayen. Da damina a sa su a akwatin roba mai rufi da silika, ana busar da silikar idan ta canza launi. Mai warin tsami a raba shi da sauran, ɗaki daban in da hali, don asid ɗinsa yana kama na kusa da shi. Shi kada a toshe shi ruf a zafin ɗaki, gara gwangwanin roba mai ƙofofin iska. A cire takardar jarida, roba mai ɗaurewa da duk wani ƙarfe mai tsatsa daga ciki.

Ɗan Kongo:

Malamai, ku ba ni dama in ƙara a kan abin da Baba ya faɗa game da marar rubutun. Fina-finan Paris da Berlin na shekarun 1920 suna da masu gadinsu, an gyara su, an buga su a faifai. Abin da ba shi da mai gadi shi ne namu. Tun daga 1939 da Ingila ta kafa sashen fim na mulkin mallaka, motocin majigi suka riƙa zaga garuruwan Arewa da milimita 16, bayan haka gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da nata a Kaduna. Malamai da ma'aikata da ɗalibai a gari mai jami'a tun 1962 su ma sun riƙe ƙananan kyamarori. Ƙetaren iyaka kaɗan, Moustapha Alassane na Nijar yana yin gajerun fina-finan zane tun shekarun 1960, La Mort de Gandji da Bon voyage Sim, ya kuma je Kanada ya koyi aiki a inda shahararren mai fina-finan zane Norman McLaren yake. Wato gwaji da fim ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Shehu Umar na Adamu Halilu, na 1976, dogon fim ne na gwamnati, amma duk da haka sai da ya ɓace wa jama'a shekaru, har aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da haɗin gwiwar cibiyar Arsenal ta Berlin, aka nuna shi a bikin fina-finan Berlin a 2018. Idan wannan ya iya ɓacewa, naɗin ƙafa 400 marar suna fa?

Don haka a kwafe Kodachrome ɗin kafin komai, a sikana marar haƙora wadda ke jan zare da robobi masu laushi. A nemi kaifin hoto na 2K aƙalla, a ce a ɗauko har gefen zaren da ramukansa da rubutunsa, don shaidar shekara a nan take. A karɓi fayil na asali wanda ba a matse ba, ba a gyara launi ba, ba a goge karce da kwamfuta ba, sannan a yi ƙaramin kwafi na kallo daban. Firam ɗaya a 2K yana cin kusan megabait 12, naɗin ƙafa 400 zai kai wajen gigabait 200, a tanadi ma'ajiya biyu a ajiye a gidaje biyu. Manhajar goge datti tana da haɗari a fim ɗin gwaji, don ba ta bambance karcen tsufa da karcen da mai fim ya yi da niyya. Bayan an kwafe kada a yar da zaren. Kodachrome da aka yi daga ƙarshen shekarun 1930 yana riƙe launinsa a duhu shekaru da dama, saɓanin kwafin Eastmancolor na kafin 1982 da ke komawa ja.

Kafin sikana ma akwai abin da za a iya yi yau. A ɗora zaren a kan allon waya ko kwamfuta da aka mai da fari fat, da takarda mai laushi a tsakani, a ɗauki hoton firam ɗaya daga kowace yanka da wata wayar. A kai wa dattawan Birni hoton ƙofar da na mahayan. Su za su faɗi wace ƙofa ce, wane hawa ne, wataƙila har da masu sarautar da ke ciki daga rawani da kayan doki. A haɗa wannan da alamar shekarar da ke gefen zaren, a rubuta a takarda marar asid a ajiye a wajen gwangwanin. A kuma tambayi mai gwanjon daga wane gida kayan suka fito tun bai manta ba.

Abu na ƙarshe, mallakar zare daban, haƙƙin nunawa daban. Wanda ya sayi gwangwani ya sayi gwangwani ne. Kafin a ɗora fim a YouTube ko a nuna shi da tikiti, a bincika wanda ya ɗauka da magadansa, idan kuma fuskokin iyalin wani gida ne a ciki, a nemi yardarsu.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan ɗauki ƙananan biyun, in raba musu wurin ajiya, in kuma gaya wa mai shagon ya fitar da babban daga ƙarƙashin kwano zuwa inuwa har a yi magana da Jos. Malama, ita takardar gwajin tana lalacewa idan ta daɗe a ajiye?

Malamar Samaru:

Tana lalacewa idan iska da haske suna samunta, Malam. Ka bar sauran a ledarsu a rufe, a wuri mai duhu, ka ciro ɗaya-ɗaya. Ka karanta launin nan take da ka buɗe gwangwanin, don idan ta sha iska tana komawa shuɗiya ta ba ka amsar da ba ita ba. Ka rubuta lambar da kwanan wata a jikin gwangwanin, ka sake gwadawa a ƙarshen damina.